Kujerar da Kika Bari da Gawayi

Sabon Gari, Zariya

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina roƙon Allah ya tsare miki hanya tun daga Kwangila har Legas, ya ba direbanku haƙuri da idon gani, ya sauke ki lafiya a hannun mutanen kirki. Na sa wannan takarda a ƙasan akwatin fentinki, ƙarƙashin tsumman goge buroshi, don na san ba za ki buɗe shi ba sai kin isa, kin huta, hannunki ya fara ƙaiƙayin aiki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, tunda har yau gida ɗaya muke kwana. A shago nake rubutun nan da rana, allon wani mai kemis yana shan iska a waje. Na so in jera miki maganar ɗaya, biyu, uku, yadda na saba jera komai, na gwada a bayan takardar siminti, ta ƙi jeruwa. Sai ki karɓe ta yadda ta zo.

Rahila, ina ƙyashinki. Na rubuta, na tsaya ina kallon kalmar, na ga dai ba ni da wata da zan sa a madadinta. Ina ƙyashin hannunki, ina kuma kishin Malam Tanko, tsohon nan na Samaru da ya koya miki zane. Ba sabon abu na faɗa miki ba. Mamanki ta sani, ke ma kin sani, har ƙanwarki Ladi na ga alamar ta gane. Amma gara ki ji daga bakina da ki ɗauki abin zuwa Legas kina juya shi a rai ke kaɗai.

Kin fi ni sanin zanen nan na Malam da ke rataye a barandarsa yanzu, amma ban taɓa gaya miki yadda na fara ganinsa ba. Na gama sakandare, jami'a ba ta samu ba, ina koyon rubutun allo a wurin Oga Sunday a nan Sabon Gari. Sai wani ya ce mini akwai malamin zane a Samaru da yake buɗe barandarsa ranar Asabar ga duk mai son koyo, ba ya tambayar takardar shaida. Na hau keke na tafi. Lokacin kan Malam Tanko babu furfura ko ɗaya. Bai tambaye ni daga ina nake ba, sai ya turo leɓe wajen bango ya ce, "Ga ɗakin tsohuwata can. Duk wanda ya zo nan da shi yake farawa. Kwaikwayo mini shi."

Ƙaramin ɗaki ne. Mace zaune a 'yar kujera tana yi wa yarinya kitso, yarinyar a kan tabarma tsakanin gwiwoyinta, ta karkace wuya. Can bakin ƙofa tsoho ya kara rediyo a kunne. Taga ɗaya ce, haskenta ya sauka a bayan hannun matar, ya zubo kan daɓe, ya je ya tsaya dab da ƙafar tsohon. Na daɗe tsaye a gabansa har na fara jin kamar ƙamshin man kaɗanya. A raina na ce, wannan ai aikin awo ne, kuma awo na iya.

A wurin Oga Sunday, in za mu ɗauko hoton kwalbar lemo daga kalanda mu kai shi jikin bango, layuka muke ja wa hoton, tsaye da kwance, ya zama gida-gida kamar na dara. Sai mu ja manyan gidaje a bangon, mu riƙa cika su ɗaya bayan ɗaya. Hanyar ba ta kuskure. Tunda ba zan ja layi a kan zanen Malam ba, sai na haɗa katako huɗu, na ɗaura zare tsaye da kwance, na jingina a gabansa. Na fara daga kusurwar sama ta hagu kamar mai karatu. Don kada idona ya yi yawo, sai na riƙa rufe sauran aikina da jarida, in bar gidan da nake ciki kawai a buɗe. Hannun matar ya faɗo a gida ɗaya, kan yarinyar a gidan da ke ƙasansa. Na yi hannun wata Asabar, na yi kan a Asabar ta gaba, da wani kwaɓin fenti dabam. Da na gama, na bi kowane mutum da baƙin layi na zagaye shi, yadda muke yi wa allo don a hango shi daga tsallaken titi.

Ranar da na cire jaridar, Malam ya zo ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Yohanna, awonka daidai ne, ko tela sai haka. Amma matar nan ba kitso take yi ba, gaisawa take da iska. Kuma wa ya ɗaure mini uwa da baƙar waya?" Ɗaliban jami'ar da ke barandar suka fashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Allon shagon kitso ka yi mini. Kai shi Sabon Gari, za ka samu ciniki." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka dawo Asabar. Ka bar zaren a gida."

Kin san ina rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina saurayi. Na duba abin da na rubuta ran nan. Ga shi duka: "Malam ya yi dariya. Tayar baya ta yi faci a hanya. An yi ruwa." Ban rubuta cewa ya ce in dawo ba. Na ji, ban manta ba, amma dariyar ce na ɗauko na kawo gida. Ban koma ba.

Maganarsa kuwa ta tabbata. Shi ne allon da ke saman shagon Mama Ngozi, wanda kike wucewa ta ƙarƙashinsa in za mu sujada a coci. Ni na ƙara masa rubutun kitso da wankin kai daga sama. Har gobe in ta gan ni sai ta ɗaga murya, "Oga Fenta! Wannan madam naka yana kawo kwastoma, wallahi!" Ni kuma in yi murmushi in sunkuyar da kai.

To, Rahila, za a yi miki dariya a Legas. Ƙila kan aikinki, ƙila kan yadda kike furta Turanci, ƙila kan takalminki. In malami ya yi miki ba'a, ki daure ki saurari maganar har ƙarshenta, don sau da yawa abin da zai amfane ki yana can baya, bayan dariyar ta lafa. Ki yi kukanki a ɗaki in ya kama. Amma ranar da aka ce ki dawo, ki dawo.

Game da jaridar kuma, ban san ko zan iya faɗin abin daidai ba. Na daɗe ina zaton rufe sauran aiki shi ne natsuwa. Sai daga baya na lura haka nake yi wa mutane ma. In Mamanki ta ƙona miya, miyar kawai nake gani, ban ga cewa tun safe take tsaye a aji tana fama da 'ya'yan mutane ba. Ke ba ki da wannan cuta a zane, kada ki koye ta a zama da jama'a. Za ki zauna ɗaki ɗaya da 'yan mata daga wurare dabam-dabam. In ɗaya ta ɓata miki rai, ki ja da baya kamar yadda kike yi wa zane, ki dube ta gaba ɗayanta, ki ga daga ina haske yake shigo mata.

Da kika kai aji biyar kika ce kina son zuwa wurin Malam Tanko, ni na kai ki a babur. Na yi niyyar sauke ki a bakin ƙofa in juya, sai ga shi ya leƙo, kansa fari fat. Ya ƙura mini ido ya ce, "Yohanna mai zare! Wannan Asabar taka ta daɗe ba ta zo ba." Na ce, "Malam, 'yata na kawo." Ya ce, "To, ka aiko wakili ke nan. Shigo, 'yar nan." Ya turo leɓe wajen bangon nan dai, zanen yana inda na bar shi.

Ga abin da ke raina a hanyar dawowa, kuma shi ne ya fi ba ni kunya. Na so a yi miki dariya ke ma. Ba da yawa ba, kaɗan. Na so ki dawo gida da idanu jajaye, in saya miki tsire, mu zauna mu biyu, in ce miki, "Rabu da shi, haka ya yi mini." Da mun zama abokan ciwo ɗaya.

Sai ga shi ba ki ja layi ko ɗaya ba. Na ga aikin a makon farko da na zo ɗaukarki: kin shafe ƙyallen duka da ruwan ƙasa mai duhu, sannan kin sa tsumma kin goge inda hasken taga yake sauka. Babu mutum, babu tabarma, sai duhu da wani fari-fari. A kan babur na ce miki, "Ɓarnar fenti kawai kike yi." Kika ce, "Baba, Malam ya ce in fara sanin inda rana take kafin in zaunar da mutane." Na ƙara wa babur wuta. Mako bayan mako mutanen suka riƙa fitowa daga cikin duhun nan, kamar yadda ido yake sabawa in an shigo ɗaki daga rana. Hannun matar da kan yarinyar kuwa a zama ɗaya kika yi su, da buroshi ɗaya ba ki wanke ba, har baƙin gashin ya shiga tsakanin yatsun. Ranar da kika gama, Malam ya kira ni daga bakin titi, "Yohanna, kashe mashin ɗin nan ka zo ka gani. Yarinyar nan tana jin zafin kitson!" Ya sa aka buga ƙusa kusa da nasa. Na ce, "Madalla." Iyakar abin da ya fito ke nan, kuma da ƙyar.

Sauran kin sani, tunda a gabanki aka yi. Kin aro zanen kin kawo gida don Mamanki ta gani, aka yi sa'a matan zumunta suna falo bayan sujada. Suna ta "Kai! Kai! Rahila, da hannunki?" Wata har ta kai hannu ƙeyarta. Ni kuwa na tashi na buɗe jakar aiki, na ɗauko rula, na durƙusa gaban zanen, na auna hannun tsohon daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Awon na Malam yana kaina tun zamanin zare. Na miƙe na ce, "Hannun tsohon nan ya yi tsawo." Kika ce, "To, Baba," kika ɗauki zanen kika juya fuskarsa bango. Mamanki ta ce, "Baban Rahila, in ka gama ka zo kicin ka auna mana tuwo, kada malmalar wani ta fi ta wani." Matan suka yi dariya don a rufe maganar. Ke ba ki yi ba.

Tun daga ranar, duk sanda kika ji ƙarar babur ɗina, kafin in shigo kin juya aikinki bango. Bayan katako kawai nake gani a gidana. A wajen lokacin ne kuma kika fara cewa "Baban Samaru ya ce kaza, Baban Samaru ya ce kaza." Na san girmamawa ce, kowane tsoho baba ne. Amma duk sanda kika faɗa sai in ji kamar an raba sunana biyu an ba shi rabi mai tsoka.

Abin da ya sa maganar rular take da wuya shi ne, gaskiya na faɗa. Hannun ya yi tsawo. Na sake lissafawa a raina ba sau ɗaya ba, ko zan samu na yi kuskure in zo in ba ki haƙuri cikin sauƙi, ban samu ba. Amma ba don gyara na auna ba. Idona ya zagaye zanen nan kaf yana neman inda zai cije, ya wuce hasken, ya wuce wuyan yarinyar, ya wuce yatsun, sai da ya samu hannun tsoho sannan hankalina ya kwanta.

Ki riƙe wannan da kyau, don shi ne abin da na fi sani a duniya. A makarantar da za ki, za ki tarar da wadda ta fi ki. Dole ne. Wata rana za ki tsaya bayan wata yarinya, ko wani yaro, ki ga ya yi cikin wasa abin da kika kwana biyu kina nema. Cikinki zai yi zafi. Nan take idonki zai gano miki kuskurensa, kuma kuskuren na gaske ne. In kin ji haka, ki kama bakinki. Kada ki faɗa, ko da an tambaye ki, sai zafin ya sauka. Ki matsa kusa ki ga yadda yake kwaɓa fentinsa, ki tambaye shi me ya fara sawa. Ni da na yi haka, da shekara biyun nan da kika yi kina zane a gidana na koyi abin da na gudu na bari a Samaru. Malami ya zo har falona, kyauta, na tarye shi da rula.

Kada kuma ki ɗauka na raina sana'ata. Da ita kika ci, da ita kika yi makaranta. Harafi yana son awo, kuma allon da na rubuta ba ya karkacewa. Malam Tanko ya koya miki haske, na yarda. Shi ya buga waya Legas wurin tsohuwar ɗalibarsa da za ta karɓe ki, na yarda, na kuma gode, ko da yake godiyar tana maƙale mini a wuya. Amma ba shi ya fara ɗora hannunki a buroshi ba. Kina 'yar mitsitsiya, tsaye a kan galan, kika cika mini cikin wani babban harafi da jan fenti a allon mai sayar da taya, kika fito da harshe gefe don ƙoƙari. Ba shi ya koya miki wanke buroshi da kananzir, ki matse, ki rataye shi kai ƙasa ba. Na ga buroshinsa, duk sun sandare kamar tsintsiyar bayan gida. Akwatin da ke hannunki ma ni na ƙera, ki duba kusurwoyin. Kin ga, ko a nan ma awo nake yi tsakanina da tsoho. Na bar shi a rubuce don ki ga yadda abin yake aiki. Ki dai rufe gwangwani da kyau in kin gama, kada ki ci abinci da fenti a hannu, in kuma kin ga masu rubutun allo a bakin titi ki gaishe su.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Watannin baya kin same ni ina cin abinci kika ce, "Baba, zan zana falonmu. Za ka zauna mini?" Na ce, "Ina da aiki. Zana kujerar." Ba aiki ne ya hana ni ba. Ban so ki dube ni da idon da wani ya buɗe miki ba. Ina tsoron abin da za ki gani.

Jiya da kika tafi Samaru sallama, Mamanki ta jawo ni da hannun riga zuwa bayan kabad, ta juyo babban zanen nan, ta yaye tsohuwar atamfar da kika rufe shi da ita. Ta ce, "Duba. In ka taɓa jakar nan taka kuwa, yau a shago za ka kwana."

Falonmu ne, Rahila. Ga Mamanki da faranti a cinya tana tsince wake. Ga Ladi kwance rub da ciki a kan leda, littafi a gaba, ƙafafu a sama. Har ƙunar dutsen guga da ke jikin labule kin sa. Hasken yamma ya shigo ta tagar gilas, ya bi ta kan waken, ya tsallake bayan Ladi, ya je ya tsaya a hannun kujerata ta bakin ƙofa. Kujerar kin gama ta, har inda fatar ta tsage. Amma a cikinta babu fenti, sai layin gawayi mai siffar mutum, ba fuska. Na cire jarida daga idona, na ja da baya, na dubi ɗakin duka. Sai na ga Mamanki ba waken take kallo ba, ta ɗan ɗago wajen kujerar. Kan Ladi ma can ya karkata. Kowa a ɗakin yana sauraron mutumin da ba ya nan.

Mamanki ta ce, "Wai ya yi girma, ba zai shiga mota ba, shi ya sa za ta bar shi. Ni dai na ce mata ƙarya take."

Zan gaya miki abin da na yi yau da safe, don kada ki ɗauka na warke. Da na buɗe shago na ɗauki murfin gwangwani, na zuba ja, na ɗiga baƙi, na ƙara rawaya, na kwaɓa har ya zo daidai da bayan hannuna. A raina na riga na raba kujerar gida-gida. Na ce, ai na san awon jikina, in ta tafi zan cika wurin, ta dawo ta ga ni ma na iya. Na daɗe riƙe da murfin. Daga ƙarshe na ƙara kananzir na shafe allon mai kemis da shi. Shuɗi ya ce in yi masa, ban san abin da zan gaya masa ba in ya zo.

Na ce wa Mamanki ta kai zanen ɗakinta ta kulle, ba don ɓera ba, don ni. Ba zan taɓa shi ba. Wurin naki ne.

Abin da nake roƙo shi ne ki dawo da Kirsimeti ki ƙarasa. Zan zauna. Ki zaɓi rigar da kike so, ki zaɓi lokacin da hasken ya yi miki, zan rufe shago. Ba zan yi magana ba, ba zan leƙo ba sai kin ce. In hannuna ya yi tsawo, ya yi. Ba zan yi miki ƙarya in ce ƙyashin zai tafi kafin lokacin ba, na auna kaina na ga da saura. Da shi zan zauna a kujerar. In ya fito a fuskata, ki zana shi yadda kika gan shi, amma ki juyo mini da zanen in gani.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki daga mugun abokin tafiya da mugun ruwa da ciwon baƙon wuri. Ya albarkaci idonki da hannunki, ya ƙara miki abin da bai ba ni ba, ya kuma ba ni zuciyar da za ta ce amin har ciki. Mamanki da Ladi za su yi miki tasu addu'ar a tasha da bakinsu. In kin sauka ki kira Mamanki tukuna, sannan ni, sannan Samaru.

Ni ne,
Babanki na Sabon Gari,
Yohanna